Me Lambobin Shafin Farfesa Bastian Ke Faɗa wa Mai Koya wa Majinyaci Tafiya?

Tambaya: "Malam, ni ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ce, ina shirin digiri na biyu a kan dawo da tafiya ga masu shanyewar ɓarin jiki. Na buɗe shafin Farfesa Amy Bastian a Google Scholar, na ga an ambaci ayyukanta sau dubun-dubata, ga kuma wata lamba da ake kira ma'aunin h. Shin wannan na nufin hanyarta ce ta fi dacewa da majinyatana? Kuma da irin waɗannan lambobi ya kamata in zaɓi malamin da zai duba aikina?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kin yi dace da kika faɗa kan wannan shafi tun da wuri, don duk mai son ya gane yadda ƙafa ke koyon tafiya sai ya bi ta kan aikin matar nan. Sai dai amsar kashin farko na tambayarki a'a ce. Lambar da kika gani tana nuna yawan masu bincike da suka jingina da aikinta lokacin da suke rubuta nasu. Ko dattijon da kike riƙe wa ƙugu a ɗakin motsa jiki zai koma zuwa masallaci da ƙafarsa, wannan magana ce daban, kuma da wani irin bincike daban ake gano ta. Zan nuna miki inda biyun suke haɗuwa da inda suke rabuwa.

Lissafin ambato ya samo asali ne daga Eugene Garfield, wanda ya kawo shawarar a mujallar Science a 1955. Tunaninsa shi ne a sauƙaƙa wa mai karatu bin sawu: ka sami maƙala mai kyau, ka ga su wa suka kafa hujja da ita daga baya, ka bi su. Auna darajar mutane da shi daga baya ya shigo. Shi kuwa ma'aunin h, wani masanin fizis ne mai suna Jorge Hirsch na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego ya ƙirƙiro shi a 2005. Idan aka ce ma'aunin h na malami 30 ne, ana nufin yana da maƙala 30 da kowace aka ambata aƙalla sau 30. Iyakarsa ke nan. Ba ya taɓa raguwa, saboda haka yana fifita wanda ya daɗe a fage. Ba ya bambanta wanda ya yi aikin da wanda aka saka sunansa a tsakiyar jerin marubuta. Kuma za ki ga lambar mutum ɗaya ta sha bamban tsakanin Google Scholar da Scopus, rumbunan intanet biyu masu ƙirga ambato, domin na farkon yana haɗa har da kundayen digiri, na biyun kuwa mujallu da wallafe-wallafen da ya zaɓa kawai yake ƙirgawa.

Abin da ya fi lambar muhimmanci a shafin Bastian shi ne jerin kansa. Ki daina kallon gefen dama inda alƙaluman suke, ki jera maƙalun bisa shekara, ki karanta kanunsu daga ƙasa zuwa sama. Za ki ga tambaya ɗaya ce take bi kusan shekara talatin.

Ita ma kamar ke, da gashin ƙashi ta fara, kafin ta yi digirin digirgir a Jami'ar Washintan ta birnin Sent Luwis, inda ta yi aiki da Tom Thach, masanin ƙaramar ƙwaƙwalwar nan ta ƙeya da ake kira sarabelam. A 1996 su da abokan aikinsu suka fitar da bincike a mujallar Brain. Sun sa mutane jifan wata alama alhali suna sanye da tabarau mai karkatar da gani gefe guda. Jifan farko yakan kauce. A hankali hannu ya gyara har ya riƙa samun wurin. Da aka cire tabarau sai jifan ya kauce ta ɗaya gefen, kafin ya dawo daidai. Wannan kuskure na bayan cire tabarau shi ne shaidar cewa ƙwaƙwalwa ta ajiye sabon lissafi. Masu rauni a wasu sassan sarabelam ba su iya wannan gyaran ba.

Bayan ta koma Cibiyar Kennedy Krieger da Jami'ar Johns Hopkins a Baltimo, sai ta ɗauko wannan tambaya ta kai ta ƙafa. Kayan aikin shi ne injin tafiya mai bel biyu, kowace ƙafa da nata, ana iya sa ɗaya ya ninka ɗayan gudu sau biyu ko uku. Wanda bai taɓa gani ba zai sha mamaki. Lafiyayyen mutum da ya hau, nan take sai ya fara ɗingishi, taku ɗaya dogo ɗaya gajere. Ba a ce masa komai. Cikin minti goma zuwa goma sha biyar sai takun su daidaita, duk da bel ɗin na nan a gudunsu mabambanta. Sai a mayar da su gudu ɗaya, sai ga shi yana ɗingishi ta ɗaya ɓangaren. Darcy Reisman da Hannah Block da Bastian ne suka bayyana wannan dalla-dalla a 2005. A 2006 ita da Susanne Morton suka nuna masu lalurar sarabelam ba sa samun wannan koyo yadda ya kamata. A 2007 ita da Julia Choi suka nuna a Nature Neuroscience cewa abin da mutum ya koya yana tafiya gaba ba ya bin sa idan ya juya yana tafiya da baya, wato kowace tafiya da nata wurin ajiya.

Maƙalar da ta shafe ki kai tsaye ita ma ta 2007 ce, a Brain, Reisman ce a gaba, Bastian a ƙarshe. Sun ɗora masu shanyewar ɓarin jiki a kan injin. Kin san yadda yawancinsu suke, taku ɗaya ya fi ɗaya gajarta. Hankalin mai gashi yakan ce a taimaka, a gyara masa ƙafar da hannu. Su kuwa sai suka ga abin da ke faruwa idan injin ya ƙara tsananta kuskuren: ƙafar da ke gajeren taku a kan bel mai sauri, ɗingishin ya ƙaru. Ƙwaƙwalwa ta shiga gyara. Da aka daidaita bel, sai mutumin ya yi 'yan mintuna yana tafiya da taku daidai wa daida. Ma'anar wannan babba ce. Ciwon ya taɓa babbar ƙwaƙwalwa, amma ikon yin daidaitaccen taku bai mutu ba, yana nan a kwance. Ranar da na fara karanta wannan maƙala, washegari da wani ido na kalli majinyatana.

To amma ki duba girman aikin. Majinyatan da aka gwada ba su kai ashirin ba. Daidaiton da aka samu na ɗan lokaci ne, yakan gushe. A 2009 suka nuna wani kaso na abin yana bin mutum idan ya sauka ƙasa ya taka, ba duka ba. A 2013 suka gwada maimaita horon na makonni ga wasu 'yan kaɗan, wasu suka amfana, wasu ba su amfana ba. Su kansu marubutan ba su ɓoye wannan ba, kuma shi ya sa nake ganin girmansu. To su wa suke ambaton waɗannan maƙalu? Akwai masu gashin ƙashi, amma akwai ɗimbin masana ƙwaƙwalwa, da injiniyoyi masu ƙera ƙafar roba da na'urorin tallafa wa tafiya, da masu nazarin yara, da masu gwaji a kan ɓeraye. Kowa ya sayi injin mai bel biyu ya yi gwaji, dole ya ambaci inda hanyar ta samo asali. Ambaton na gaskiya ne, kuma ta cancance shi, domin ta buɗe wa mutane ƙofa. Amma abin da ya tabbatar shi ne ta gano yadda jiki ke koyo. Bai ce a rufe ɗakin gashinku sai an sayo injin ba.

Fagenmu ya taɓa shan wannan darasi da tsada, kuma ina so ki san labarin da kyau. A 1987 Hugues Barbeau da Serge Rossignol a Montiriyal ta Kanada suka nuna cewa kyanwar da aka yanke wa laka za ta iya sake taka ƙafafun baya a kan injin tafiya idan aka tallafe ta aka yi ta horar da ita. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Daga nan tunanin ya tsallaka zuwa mutane: a rataye majinyaci da ɗamara a rage masa nauyin jikinsa, a ɗora shi a kan injin, ma'aikata biyu ko uku suna ɗaga masa ƙafa suna ajiyewa. A shekarun 1990 ƙananan bincike daga Jamus da Kanada suka ba da sakamako mai faranta rai. Aka yi ta rubutu, aka yi ta ambato, asibitoci suka sayi kaya, har aka ƙera na'urori masu motsa ƙafa da kansu. Da a lokacin kika buɗe shafukan jagororin wannan hanya, da lambobinsu sun gamsar da ke.

Sai aka zo gwajin gaske. A 2006 Bruce Dobkin da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwaji a kan masu raunin laka, suka ga rataya a kan injin bai fi horon tafiya a ƙasa ba idan an ba su lokaci ɗaya. Sannan a 2011 Pamela Duncan ta jagoranci babban gwajin da ake kira LEAPS, aka buga a New England Journal of Medicine. Mutum 408 masu shanyewar ɓarin jiki aka raba ta hanyar ƙuri'a. Wasu suka fara horon injin wata biyu bayan ciwon, wasu bayan wata shida, wasu kuma mai gashi ya riƙa zuwa gidajensu yana sa su atisayen ƙarfi da na tsayuwa. Bayan shekara, kashi 52 cikin ɗari na dukkansu sun haura zuwa matakin tafiya na gaba, kuma babu rukunin da ya fi wani. Atisayen tsakar gida ya yi kafaɗa da kafaɗa da injin mai tsada, kuma jiri ya fi damun waɗanda aka ɗora a kan injin. Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Har yau ana ambaton tsofaffin maƙalun, wasu ma don a ce ga abin da aka zata bai tabbata ba, kuma kwamfuta tana ƙirga wannan ambato daidai da na yabo.

Haka aka yi da gaggawar tayar da majinyaci bayan shanyewar ɓarin jiki. Kowa ya yarda cewa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, har sai da gwajin AVERT na Julie Bernhardt ta Ostareliya ya fito a Lancet a 2015 da mutum 2,104. Waɗanda aka tayar cikin awa 24 aka yawaita musu motsi, kashi 46 cikin ɗari ne suka sami kyakkyawan sakamako bayan wata uku, waɗanda aka bi da su yadda aka saba kuwa kashi 50.

Akwai kuma abin da ɗalibai ba su cika lura da shi ba: irin maƙala ita ke jawo irin ambatonta. Gwajin nan da muke yi kullum, majinyaci ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita uku, ya juyo ya zauna muna duba agogo, Podsiadlo da Richardson ne suka bayyana shi a 1991. Duk wanda ya yi amfani da shi a bincike sai ya ambace su, don haka ambatonsu ya yi yawa ƙwarai. Haka ma'aunin Fugl-Meyer na 1975, mai auna yadda motsin mai shanyewar ɓarin jiki ke dawowa. Maƙalar da ta tattara binciken wasu ma haka take, kamar ta Kleim da Jones ta 2008 mai ƙa'idoji goma na yadda ƙwaƙwalwa ke sauyawa da horo. Idan kin ga malami da babbar lamba, ki duba maƙalunsa biyar na sama. Shin sabon abu ya gano, ko ma'auni ya ƙirƙira, ko tattarawa ya yi, ko kuwa sunansa na cikin mutum ɗari da suka sa hannu a wani rahoton duniya? Duka ayyuka ne na halak, amma ba abu ɗaya suke faɗa game da shi ba. A fannin lafiya, sunan farko yawanci shi ne wanda ya yi wahalar aikin, na ƙarshe shi ne mai ɗakin binciken. Irin wannan damuwa ce ta sa masana suka tsara sanarwar San Faransisko a Disambar 2012, suna kira da a daina auna mutum da martabar mujallar da ya buga a ciki, a karanta abin da ya rubuta.

In kina neman maƙalar da za ta canja aikinki gobe da safe, ga ta. A 2009 Catherine Lang da abokan aikinta suka sa aka zauna a ɗakunan gashi a Amurka da Kanada ana ƙirga abin da ake yi. Zama 312 aka kalla. A inda aka yi horon tafiya, matsakaicin takun majinyaci 357 ne a zama guda. Lafiyayyen mutum yakan yi wannan cikin 'yan mintuna. Da na karanta, sai na ɗauki takarda na zauna a kusurwar ɗakinmu ina yi wa wani dattijo ƙirga. Tela ne, ɗansa ke kawo shi a Keke Napep. An kwantar da shi an miƙe masa ƙafa, an sa masa zafi a kafaɗa, an jira sandunan riƙo su samu sarari, ya je ya dawo 'yan sawu, lokaci ya ƙare. Jikina ya yi sanyi, domin ni ma haka nake yi. Tafiya muke son ya koya, amma ita ce ya fi ƙarancin yi a wurinmu. Daga makon muka juya tsarin: a auna jininsa, ya huta, sannan baranda, ɗansa a gefen da ya shanye, ni a baya riƙe da ɗamara, kujera a kowane ƙarshe.

Abin da hujja ta taru a kansa ke nan a yanzu. Jagorar aiki ta 2020 da George Hornby da Reisman da wasu suka rubuta, game da waɗanda suka wuce wata shida da ciwon kuma suna iya takawa, ta ƙarfafa horon tafiya mai sa zuciya bugawa sosai, wajen kashi 70 zuwa 85 cikin ɗari na iyakar bugunta, ta kuma ce kada a dogara da rataya ko na'ura mai motsa ƙafa don ƙara musu sauri da nisa. A wurinmu, inda hawan jini ne babban abin da ke kawo ciwon, kamar yadda binciken SIREN na Najeriya da Gana ya nuna, wannan sai da sa hannun likita da abin awon jini a kusa. Ki kuma lura da hanyar da Reisman ta bi. Daga injin mai bel biyu ta gangaro har zuwa gwajin mutum 250 da ya fito a mujallar Stroke a farkon 2024, inda aka ga horo mai ƙarfi yana ƙara wa mutum iya tafiya, amma yawan takunsa a gida bai ƙaru ba sai ga waɗanda aka ba na'urar ƙirga taku ana zama da su ana sa musu buri. Iyawa daban, yi daban. Wannan shi ne tasirin da nake nema a tarihin mai bincike: tambayar ta tashi daga ɗakin gwaji ta isa ƙofar gidan majinyaci.

Game da zaɓen malami, kada ki ɗauki mudun Baltimo ki auna malamin Kano ko Zariya ko Maiduguri da shi. Wanda yake da injin miliyoyi da ɗalibai goma da tallafin shekara biyar ba ɗaya yake da wanda ke koyar da aji huɗu yana duba majinyata yana biyan kuɗin buga maƙala daga albashinsa ba. Mujallunmu da yawa ma ba sa cikin Scopus, sai ki same su a African Journals Online. Kuma tambayoyin da suka fi damun majinyatanmu ba su da masu ambato da yawa a waje: yadda mai shanyewar jiki zai tashi daga tabarma, yadda zai yi ruku'u da sujada ya miƙe, yadda zai tsuguna a bayan gida, yadda zai taka rairayi ko ya tsallake kwata. Wanda ya yi aiki mai kyau a kan waɗannan zai iya ƙarewa da ƙaramar lamba, alhali ya fi amfanar ki. A ɗaya ɓangaren kuma, ki yi hattara da jerin da ya cika da maƙalu barkatai, yau ciwon baya, gobe ra'ayin ɗalibai, jibi wani abu, a mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda, kuma in kin buɗe masu ambaton ki tarar shi ne da abokansa. Neman ƙarin girma a jami'a yana tura mutane ga wannan, na sani, amma ba za ki koyi bincike a nan ba.

Ga abin da zan so ki yi. Ki zaɓi maƙala uku na malamin da kike tunani, waɗanda sunansa ke farko ko ƙarshe, ki karanta sashen yadda aka yi aikin kafin ki karanta sakamako. Mutum nawa? An raba su ta ƙuri'a? Wanda ya auna su ya san rukunin kowa? An bi su bayan an gama, ko ranar ƙarshe aka tsaya? Sannan ki nemi ɗalibansa biyu da suka gama, ki tambaye su ko yana karanta abin da aka kai masa, kuma wata nawa babi ke yi a teburinsa. Ki duba ko sunayen ɗalibansa na fitowa a farkon maƙalu. A shafin Bastian za ki ga Reisman da Morton da Choi duk sun fito a gaba, kuma kowace ta je ta kafa nata aikin.

Shi kuwa aikin naki, ba ya bukatar bel biyu. Ki auna mita goma a barandar sashenku ki sa alama da fenti, ki riƙe agogon wayarki. Akwai rabe-raben da suka samo asali daga aikin Jacquelin Perry na 1995: wanda saurinsa bai kai mita 0.4 a daƙiƙa ba yawanci tafiyarsa ta cikin gida ce, daga 0.4 zuwa 0.8 yana ɗan fita unguwa, wanda ya haura 0.8 yana iya shiga gari. A barandarki wannan na nufin wanda ya wuce daƙiƙa 25 yana rukunin farko, wanda ya gama a ƙasa da daƙiƙa 12 da rabi yana na uku. Ki rubuta lambar kowane majinyaci ranar da ya fara, ki ƙirga takunsa a kowane zama, ki sake aunawa duk bayan mako biyu. In kin tara na wata uku, ki turo mini tare da sunayen maƙalu ukun da kika karanta, mu zauna mu fitar da tambayar digirinki daga ciki. Allah ya ba da sa'a, ya ba majinyatanki lafiya.